Halliru Mai Ƙofa a Cibiya

Halliru taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, mai gyaran keke a bakin kasuwar Gwiwa. Muna yara ba kududdufin da bai yi iyo a ciki ba daga nan har Roni, shi ya sa tsargiya ta tare a mararsa har ta cinye mafitsarar. Fitsari ya koma zuwa ba sallama. Mutumin da ba a taɓa rigansa sahun gaba ba ya koma sallah shi kaɗai a ɗaki, shekara uku, don kada ya ɓata wa jama'a tabarma. Ni da ba na raga masa, a kan wannan kam bakina ya mutu.

Da aka kai shi Kano, likitoci suka ce akwai wani aiki da ba su daɗe da fara gwadawa ba, in ya yarda. Ya ce, "In dai zan koma masallaci, ku yanka."

Jama'a, ku ji ikon Allah! Suka yanko hanjinsa, ni na ce ya kai igiyar guga, shi ya ce taƙi biyu ne. Suka ɗinka masa jaka da shi a ciki, suka karkato fitsarin can, suka ɓoye ƙofar a cibiya. Ƙofar nan da kanta take rufewa, ko ɗigo ba ya fita. In lokaci ya yi sai ya zura siririyar roba ya juye.

Likita ya ce duk bayan awa huɗu. Halliru ya ce kiran sallah ya ishe shi agogo, ya manta tsakanin asuba da azahar tafiya ce mai nisa. Rannan da hantsi na tarar da shi a kan wata taya, ciki ya yi tulu, yana zufa.

Na ce, "Bawana, yau ladan ba zai cece ka ba."

Ya ce, "Ubangidan banza, miƙo min robar a jakar kayan aikina!"

Daga ranar ya shigar da walaha cikin lissafinsa.

Juma'ar da ya koma masallaci, farar riga ya saka, da gangan. Na zauna daf da bayansa, wallahi ban ji huɗuba ba, rigar nake gadi. Liman ya sallame, Halliru ya shafa tabarmar da tafin hannu, ya sake shafawa. A bushe take ƙayau. Gemunsa kaɗai ne ya jiƙe da hawaye.