Jujin Inna Zulai

Shekara ashirin Inna Zulai tana share kasuwar Ikara, ba wanda ya sa ta. Kashin awaki, toka, ɓawon gyaɗa, duk sai ta kwashe ta tara a jujin bayan gidanta. In bazara ta kama, jakinta ya yi ta jigilar takin zuwa gonarta ta hanyar Saulawa.

Ana nan, zamanin Turawa, aka turo wani duba-gari da gajeren wandonsa da ashana a aljihu. Ya ce, "Inna, Bature ya hana juji cikin gari, ƙuda yake tarawa. Yau za mu ƙone shi."

Zulai ta ci ɗamara, ta haye tsakiyar jujin ta zauna daram.

"Malam, kai shara kake gani, ni kuwa dawar bana nake gani. Ƙyasta ashanarka, ka haɗa da ni."

Ya yi ta zare ido har rana ta take, sannan ya kama gabansa.

Da kaka ta yi, ta tuƙa tuwon sabuwar dawa, ta kai masa da kanta, ta dire akushin a gabansa.

"Ga jujin nan ya dahu. Ci, ka gaya wa Baturen yadda ka ji."