Kitson Ayari

A bayan kunnena na hagu akwai wani fili kamar tafin hannun jariri inda gashi bai sake fitowa ba. Duk mai kitson da ta taɓa kaina sai ta tsaya a wurin ta ce, "Ƙunar wuta ce?" Sai in ce mata a'a, gishirin Bilma ne da man fitila da taurin kan uwata. Sai ta yi dariya, tana zaton wasa nake. Ni kuwa har gobe idan na tuna sai raina ya ɓaci.

Baba ƙaramin ɗan kasuwa ne. Kowace shekara bayan damina yakan ɗora gero a kan raƙumansa, ya bi ayarin Abzinawa zuwa Bilma, ya dawo da gishiri da dabino. Tsakanin Agadez da can babu kome sai rairayin hamadar Tenere, kuma kowa a unguwarmu ya san gidan da aka taɓa fita ba a dawo ba. To, a dangin Inna akwai wata al'ada. Ranar da ayari zai tashi, sai a zare zare ɗaya daga bakin rawanin maigida, a kitsa shi cikin gashin babbar 'yarsa. Wai kitson shi ne igiyar da ta ɗaure raƙuma a jere. Muddin bai dawo ba, ba a tsefe shi, ba a yanke shi. Idan aka tsefe, igiya ta tsinke. Ni ce babba, don haka kaina ne ya zama turken ayari.

Shekarar da nake ba da labari ba mu daɗe da samun 'yancin kai ba, kuma an riga an sa ni lekol, wato makarantar boko. Kullum da safe mu yi layi, a ɗaga tuta, mu yi waƙa da Faransancin da ba mu san kansa ba. Ranar tafiyar Baba, Inna ta matse ni tsakanin gwiwoyinta, ta ja gashin nan har girata ta ɗaga sama, don kada kitson ya saki da wuri. Ta lafta masa man shanu da garin kajiji. Makon farko ina ƙamshi, ina yanga a cikin 'yan mata.

Sai ayari ya makara. Lokacin da ake sa ran ganinsu ya zo ya wuce, babu ko labari. Kafin nan ƙamshi ya riga ya koma wari. Man ya yi tsami, gashin ya yi danƙo kamar an zuba masa ƙaro, idan na kwanta sai ɗankwali ya manne, sai na ɓamɓare shi da safe. Ga ƙaiƙayi. Ba irin na kwarkwata ba ne mai yawo. Wannan a wuri ɗaya ya kafa, a ƙarƙashin kitson da zaren yake, kamar ana hura garwashi a ciki.

Na gaya wa Inna. Ta sunkuya ta sansana, ta ce amosani ne, kai ne ya bushe. Maganin bushewa kuwa mai ne, sai ta ƙara mai. Da danƙon ya ƙaru, ta ce to zafi ne, ta kwaɓa lalle ta cusa tsakanin layuka. Lallen ya bushe ya haɗu da man, ya zama wani ɓawo mai tauri. Da wannan bai yi ba, ta jiƙa toka ta ɗiga. Kowane magani ana zuba shi a kan na jiya ne, tunda ba a tsefewa balle a wanke har ƙasa. Garin neman gira aka kusa rasa ido.

Susa kuwa ta haramta. Inna tana da wani ludayin duma mai kauri, shi ta keɓe mini. Da zarar hannuna ya nufi kai sai in ji shi a kan yatsuna, ƙwas! Ko bayanta ta juya tana gani.

"Sauke hannun nan! So kike ki kashe ubanki?"

"Inna, ci yake yi."

"Shi ci! Kan wa bai ci ba?"

Na koyi dabaru. In jingina da bangon zaure in goga kamar akuya. In saci tsinken tsintsiya in soka ta ƙarƙashin ɗankwali. Wata rana ta kama ni da tsinken, ta ga jini a bakinsa. Maimakon jinin ya ba ta tsoro, sai ta duba ta ga 'yan gasu sun zame daga kitson. Ranar ta fasa ludayin a bayana, ta ɗauko muciya. Da ta gaji, ta ɗaure mini hannuwa ta baya da gefen zane, ta zaunar da ni a tsakar gida har la'asar. Ina kuka ina zaginta a cikin raina, zagin da ban san na iya ba. Na tsane ta a ranar, kuma ba zan ɓoye ba, na tsani Baba da raƙumansa da Bilma gaba ɗaya.

Da ruwa ya fara tsattsafowa daga bayan kunnen, wata maƙwabciya ta leƙo ta ce makero ne, kuma makero ba ya jin lallashi. Inna ta fasa guntun gishirin bara, ta jiƙa shi ya yi kauri. Ta kwantar da ni, ta danne wuyana da gwiwa, ta tsiyaya. Na yi ƙarar da ta sa kaji suka watse. Washegari ta ce gishiri bai ratsa man ba, ta kawo man fitila a murfin kwalba. Wannan ban ma yi ƙara ba. Cizon tabarma na yi har haƙorina ya yi jini, na yi fitsari a zanena, ina da shekarun da ya kamata a ce na wuce haka.

A lekol ba mai son zama kusa da ni. Malamarmu, wadda muke kira Madam, daga kudu aka kawo ta, doguwa ce mai tsabta kamar ba ta taka ƙasa. Kowace Litinin tana duba farce da kunne da kai, da wani katako mai faɗi a hannunta. Makonni ina ɓuya a bayan layi. Ranar da dubuna ta cika, ƙuda ne suka tona ni, sun yi mini rawani.

"Toi, viens ici! Zo nan, cire wannan."

Na riƙe ɗankwalin da hannu biyu. Ta buge yatsun da katako, ta fizge. Ya fito da ƙara kamar an yage ƙyalle. Ta ja da baya ta toshe hanci.

"Mais c'est pourri! Ya ruɓe! Wa ya bar ki haka?"

Na ce mata ba a taɓawa sai Baba ya dawo. Hausarta ba ta kai ta gane ba, ko kuma ta gane ta ga shirme ne. Ta aika a kawo almakashi. Nan ne abin ya juya mini. Ni da nake roƙon Allah dare da rana a raba ni da kitson nan, da na ga ƙarfen sai na ga Baba kwance a rairayi. Na cije ta a hannu. Ta mare ni har na ga taurari, ta matse kaina a hammatarta, ta datse jelar kitso ɗaya. Ba wanda zaren yake ciki ba ne, amma ni ban sani ba. Na ƙwace, na tsince shi daga ƙasa, na ruga gida ina ihu.

Inna tana daka. Ta dubi abin da ke hannuna, ta ajiye taɓarya, ba ta ko ɗauki mayafi ba. Na bi ta a guje. Matar da ba ta taɓa taka ƙofar lekol ba, ta shiga har cikin aji, ta cakumi Madam a wuyan riga, ta jawo ta waje gaban tuta.

"Wa ya aike ki? Ke kinka haifa mini ita? Mijinki na cikin Tenere?"

Madam tana ta Faransanci, Inna tana ta mari. Suka faɗi ƙasa, suka yi ta birgima. Rigar Madam ta yage har kafaɗa, leɓen Inna ya fashe. Yara suka fito suna sowa. Sai da mai gadi da wani malami suka ɓamɓare su da ƙyar. Madam ta miƙe tana haki, gashinta duk ƙasa, ta nuna ni da yatsa, ta haɗa 'yar Hausar da take da ita.

"Duba kai! Duba! Yarinya za ta mutu!"

Inna ta tofa jini a ƙasa, ta ja hannuna muka fita.

Muna isa gida ta zaunar da ni a rana, ta ɗauko allura da zare, wai za ta ɗinke jelar da aka yanke a mazauninta. Jikina yana rawa, don kwana biyu ke nan ina zazzaɓi, ga kaluluwa ta kumbura a wuyana, ban faɗa ba saboda tsoron wani sabon magani. Ta kama kitson bayan kunne don ta kawar da shi gefe. Ba ta ja da ƙarfi ba. Sai kawai ya taho a hannunta, da ɓawon da fatar da zaren rawanin, duka. Na ji wani abu mai ɗumi yana gangarowa cikin wuyana.

Na waiga. Tana riƙe da shi tana kallo, bakinta a buɗe, jinin leɓenta ya bushe a haɓa. Sai ta yi magana, kamar ba da ni ba.

"Ina kamar ke na tsefe nawa. Ƙaiƙayi ya ishe ni, na shiga bayan ɗaki na tsefe. Ubana bai komo ba."

Ban taɓa jin wannan ba sai ranar. Ta tashi ta shiga ɗakin Baba, ta fito da askarsa. Na zabura zan gudu, ta damƙo ƙafata, na faɗi, ta haye kaina.

"Inna, Baba! Baba zai mutu!"

"Rufa mini baki!"

Ta aske ni tas. Ba a hankali ta yi ba, ta yanke ni a wuri uku ko huɗu. Aska tana kamuwa a cikin danƙon, ta goge a zane, ta ci gaba. Tana yi tana kuka da ƙarfi, tana zagin ayari, tana zagin gishiri, tana kiran sunan Allah, duk a haɗe. Kowane kitso da ya faɗi sai ta yi wani sauti kamar ita ake yanka. Da ta gama ta goya ni, ƙatuwa da ni, ƙafafuna suna jan ƙasa, har gidan likita. Aka wanke, aka shafe kan da wani magani shuɗi, aka yi mini allura. Mai allurar ya buɗe baki zai yi mata faɗa, ya dubi fuskarta, ya fasa.

Kwanakin da suka biyo baya Inna ba ta ci abin kirki ba. Ba ta dake ni ba, ba ta kuma dube ni ba. Tana gama aiki sai ta tsaya a bakin zaure tana kallon gabas. Ni kuma ina ɗaki da shuɗin kai kamar tulun da aka rina, ƙaiƙayi ya tafi, amma na fi son ya dawo. Duk wanda ya yi sallama sai in kasa kunne, ko mugun labarin ayari ya kawo.

Baba ya dawo. Ya rame, leɓunansa sun tsattsage, raƙuminsa mafi ƙarfi ya mutu a hanya, shi ya sa suka makara. Ya shafa ƙoƙon kaina ya ce, "Wa ya sauya mini ɗiya da ɗa namiji?" Ya yi ta dariya. Inna ta tambaye shi wace rana raƙumin ya faɗi. Ya ce shi ina ya sani, rana duk ɗaya ce a can. Ba ta sake tambaya ba, amma na san lissafin da take yi, ko ranar da ta aske ni ce.

Da shekara ta zagayo, gashina ya fito ya isa kamu, ban da bayan kunne. Ranar tafiya na ga ta zare zaren daga rawani. Na tsaya a bakin ƙofa, na riga na shirya, idan ta kira ni sai dai ta kashe ni. Ba ta kira ni ba. Ta aika aka zo da mai kitso, ta cire ɗankwalinta, ta zauna a ƙasa ta miƙa mata zaren.

"Ai na ɗiya ne," in ji mai kitso.

"Ni ma ɗiyar wani ce. Kitsa."

Bayan wasu makonni na shigo daga lekol na tarar da ita a gindin murhu. Hannunta ya tashi ya nufi kai, ya kai rabi, sai ta buge shi da ɗayan, ƙwas, ta mayar da shi kan cinya. Sabon ludayi yana gefenta. Na ɗauke shi, kuma wallahi da niyyar ramawa na ɗauka. Na tsaya a bayanta na daɗe. Daga nan ina jin warin da na sani.

Na ajiye ludayin, na zaro tsinke daga tsintsiya, na zame ɗankwalinta. Ta ƙame, ba ta waiga ba.

"Kar ki tsefe," ta ce.

"Ba zan tsefe ba, Inna. Nuna mini inda yake ci."

Ta kama hannuna ta kai shi bayan kunnenta na hagu.