Faifan Inna a ɗakin na'ura

Jama'a, wani mafarki na yi jiya, har yanzu bai sake ni ba. Bari in fara da aikina don ku gane. A jami'ar da nake, masu bincike suna gwara ƙwayoyin zarra da juna cikin wata ƙatuwar na'ura, su duba abin da zai fito. Bayanan da ke fitowa sun fi ƙarfin kowace ma'ajiya, to ni ce mai rubuta manhajar da ke tace su: baƙon abu a ajiye, wanda aka saba gani a zubar. Wanda aka zubar kuwa ya tafi ke nan, ba mai dawo da shi. Na kwana biyu ina fama da manhajar nan, ido ya yi ja, baya ya ƙage. Ko kiran da Inna, mahaifiyata, take yi mini kullum da safe daga Gumel, sai in katse in ce anjima.

To a mafarkin ina zaune a ofis, sai kawai na ga babu kwamfuta a gabana, faifan bakacen Inna ne a hannuna, wanda bakinsa ya ɗan warware. Ƙwayoyin suna zubowa daga silin kamar gero, ina ta bakace. Farfesan da nake yi wa aiki yana tsaye a kaina, babbar riga da takalmin ƙwallo, yana cewa, "Rabi, wannan mun saba gani, zubar." Ni kuwa duk na gaji, sai zubarwa.

Sai kawai ofis ya zama tsakar gidanmu. Wayoyin na'ura sun nannaɗe darbejiya, firinta tana ta kuka a akurkin kaji, ba wanda ya kula. Abin da ke zubowa a faifan ya koma muryoyi. Na ji ta Inna sarai: "Auta, kin tashi lafiya? Kin karya kuwa?" Farfesa ya leƙo ya ce, "Kullum haka take faɗa, ba sabon abu." Na kaɗa faifai, iska ta kwashe. Wata ta zo, na kaɗa. Hannuna ya saba, ba ya ma jiran umarnina.

Can sai wata ta faɗo, a hankali, ba irin ta kullum ba: "Auta, dama ina so in gaya miki, jikin nan nawa..." Kafin ta ƙarasa, hannun ya riga ya kaɗa.

Na durƙusa ina laluben ƙasa, babu ko dusa. Na ce, "Farfesa, don Allah ina ake tara waɗanda aka zubar?" Gyaɗa kawai yake ɓarewa yana kallona. Ni ma na san amsar, ai ni na rubuta manhajar.

Na farka rana ta ɗaga, wuyana ya sanƙare. Na jawo waya. Saƙonnin Farfesa reras, manhaja ta sake tsayawa. Kiran Inna babu, yau kaɗai ba ta kira ba. Na kira ta, wayar tana ta ringin ba a ɗauka ba. Wallahi tsoro nake ji.

Masu sanin fassara, ku taimaka mini. Gajiya ce kawai ta yi mini yawa, ko wani abu ake nuna mini? Ina nan ina sake kira.