Baba Filimon da Babur ɗin Zakiyyu

Kafin masu tumatir su gama sauke kwanduna a bakin kasuwar Ikara, Baba Filimon ya riga ya share gindin darbejiyarsa, ya shimfiɗa buhu, ya jera sifanu. Ba ya taɓa babur sai ya tambayi mai shi gida da gona da lafiyar tsofaffi. Sannan ya karkata kai ya saurari inji, ya tara tafin hannu a bakin salansa, ya shinshina. Mu da muka daɗe muna kai masa gyara mukan tsokane shi cewa hancinsa ya fi hannunsa aiki. Sai ya ce ai hancin ne ogan garejin.

Yanzu hannun ya fara rawa, 'ya'yansa sun matsa sai ya koma gida Kachia ya huta. Shi ya sa na ce bari in faɗi abu ɗaya da na gani da idona, tun yana nan, ya ji kunyar yabon a gabanmu.

Malam Tukur manomi ne a Kurmin Kogi. Ɗansa Zakiyyu ya rasu da damina bayan gajeren zazzaɓi, ya bar babur. Uban ya ci gaba da hawa, amma bai yarda kowa ya kwance ko noti ɗaya ba. Babur kuwa ya shiga shan mai kamar tankin ya huje, ga baƙin hayaƙi, ga mutuwa a tsakiyar hanya. Sauran 'ya'yan suka gaji da zuwa ɗauko tsoho a daji, suka yanke magana: in bai gyaru a wannan karon ba, ranar kasuwar Makarfi za a sayar.

Da turi Malam Tukur ya iso, riga sharkaf da gumi. Ya ce, "Malam Filimon, an ce sai an sauke inji. Ni kuwa ba na so a farke shi. Yadda yaron ya bar shi nake so."

Baba ya ce, "Allah ya jiƙansa. Na san shi ai, mai cinye mini gyaɗa. Fulogi kaɗai zan cire, ka yarda?"

Fulogin ya fito baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Baba ya shafa da yatsa ya nuna masa. "Ka gani, a bushe yake. Da inji ne ke ƙona baƙin mai, da ka ga maiƙo. Wannan fetur ne ya yi wa kafireta yawa, iska ba ta isarta." Ya duba cok, yana daidai. Ya leƙa gindin kafiretar, ba ta ɗiga. Sai ya sake neman izini, ya buɗe murfin gefe inda iska ke shiga.

Leda ce a naɗe a bakin, an ɗaure da robar tayar keke, an bar 'yar ƙofa. Haka 'yan ƙauyen ke yi in rafi ya kawo ruwa, don kada ruwan ya shiga inji; in sun haye, su kwance ledar. Zakiyyu ya ɗaure, ya haye, ya isa gida jiki zafi, bai sake fitowa ba.

Wallahi ni da reza zan kai mata. Baba Filimon ya janye hannunsa, ya ce a hankali, "Malam, ɗaurin Zakiyyu ne. Shi ma da ya samu lafiya kwancewa zai yi. Ni zan kwance, ko kai?"

Malam Tukur ya durƙusa. Ya daɗe yana fama da ƙullin, babu wanda ya ce masa kawo in taya ka. Da ya gama ya sa robar a aljihu. Ni dai sai na juya baya, don hawaye sun ci ƙarfina.

Baba ya wanke soson iska, ya wanke kafiretar, ya mayar. Ya tayar, ya riƙa murɗa ɗan sukurun iska kaɗan-kaɗan, kunne a jikin inji, har kukan ya daidaita, hayaƙin ya washe.

Malam Tukur ya ce, "Kai! Haka yake kuka in yaron ya iso ƙofar gida."

Baba ya kama kan babur ɗin. "To in ka kusa gida ka kashe. Ka shiga ka gaya wa mahaifiyarsa tukuna. Kada ta ji ƙarar nan ba shiri."

Haka Malam Tukur ya yi. Shi ya ba ni labari daga baya: Indo, mahaifiyar Zakiyyu, ta fito ta tsaya a zaure, ya tayar mata, ta saurara har ta ƙoshi, sannan ta juya wajen 'ya'yanta ta ce, "Ba za a sayar ba."

Baba, kai ne ka tuna da matar da ba ka taɓa gani ba, tana can Kurmin Kogi kana nan gindin darbejiya. Masu riƙe sifana da ke tasowa, ku koyi karanta fulogi a wurinsa, amma ku koyi duban fuskar mai babur tukuna. Mun gode, Baba Filimon. Allah ya kai ka gida lafiya, ya ba ka hutu mai daɗi. Za mu yi kewarka ƙwarai.