Ranar da Ba a Danne Ta Ba

A gidanmu kowa da aikinsa, ni nawa danne yarinya ne. Ba ni na zaɓa ba. Lokacin da gubar dalma ta shiga ƙauyukanmu na wajen Bagega, 'yata ta biyu tana goye, ko yaye ta ban yi ba. Allah ya sa tana cikin waɗanda suka rayu, amma maganin ya zo da ɗibar jini, yau a ɗiba, an jima kaɗan a ce a sake. Ubanta mutumin kirki ne, sai dai da ya hangi allura yake tuna yana da uzuri a kasuwa. Ni ce mai harɗe ƙafafunta da nawa, in rungume hannayenta, in kawar da kai tana ihu. Har gobe ina yi wa masu maganin nan addu'a. Amma yarinyar ta tashi da sanin cewa duk inda aka ga farar riga, uwarta tana bayan masu rigar. Wannan ya daɗe yana ci mini rai.

Bayan mun koma Anka, tana aji uku, haƙori ya fara yi mata ciwo, ta ɓoye. Na lura ne da ta daina shan rake, ita da ba ta barin ko gaɓa ɗaya ta kwana. Ruwan randa ma sai ta karkata kai take haɗiye shi. Muka yi ta kanumfari da ruwan gishiri. Kakarta ta ce a ƙyale shi, ai famfara za ta yi, ya faɗi da kansa. Bai faɗi ba, yarinya kuwa ta fara ramewa.

Yayana yana zaune a Gummi, shi ya ce in kawo ta wurin wani likitan haƙori da ya sani. Ni ma na san aikin likitan, don shi ya cire wa maigidana matauni kafin shayin da ya bari a mota ya huce. Muna shiga yarinya ta ga kujerar nan mai kwanciya, ta datse baki. Ba likitan take kallo ba, ni take kallo, tana jiran lokacin da zan taso. Ni ma na riga na fara gyara ɗaurin zanena.

Sai da ta fashe da kuka ya samu ya leƙa da fitila. Ya ajiye kayansa ya ce, "Hajiya, wannan ba haƙorin famfara ba ne. Na girma ne, yana fitowa can baya ba tare da wani ya faɗi ba, shi ya sa ake ɗaukarsa na yarinta. In an cire shi, wani ba zai fito a gurbinsa ba."

Na ce, "To Likita, mi za mu yi? In dannewa ta, ni iya."

Ya ce, "Na san kin iya. Zan iya kiran mutum biyu su taya ki, in cire shi yanzu. Amma ana iya ceto shi, kuma saiwarsa ba ta gama girma ba. Akwai waɗanda bayan karatun da muka yi tare suka ƙara shekaru a kan bakin yara kaɗai, har da yadda ake shawo kan yaro mai tsoro. Ki kai ta Sakkwato."

Yayana bai ji daɗi ba. A hanya yana ta mita: "Likitan haƙori ai likitan haƙori na. Na yara ba su aƙ ƙanana ba? Kamata yay yi su hi sauƙi." Duk da mitar, shi ya kai mu tasha da safe, har da guzurin dafaffen ƙwai da mai ciwon ba ta iya taunawa.

A Sakkwato, likitar yaran mace ce, gajera, ba ta sa farar riga ba, wata mai zanen kifaye ce a jikinta. Ranar farko ban ga aikin da ta yi ba. Ta ba yarinya ƙaramin madubi mai mariƙi ta ce ta ƙirga mata haƙoran innarta. Na hangame baki a gaban mutane ana ƙirga mini giɓi. Ta hura mata iskar injin a tafin hannu, ta bar ta ta ɗaga kujerar ta sauke, aka ɗauki hoton haƙorin, shi ke nan ta ce mu dawo. Na fito ina ƙuna. Mun sha wannan doguwar hanya, da fargabar da ke cikinta, don a yi wasan kujera?

Da muka koma, yarinya ta hau kujerar da ƙafarta, amma da ta ga an jawo tiren kayan aiki ta sandare. Na miƙe ban ma san na miƙe ba.

Likitar ta ce, "Maman yarinya, zauna abinki. Yau ba ki da aiki." Sannan ta juya ga 'yata: "Duk lokacin da kika ɗaga hannun nan, zan tsaya. Ke ce mai ba da umarni."

Ko taɓa ta ba a yi ba ta ɗaga hannu. Likitar ta tsaya, ta naɗe hannayenta. Aka sake farawa, ta sake ɗagawa, aka sake tsayawa. Gwada ta take yi, ta ga ko wannan ma irin maganar manya ce. Da ta tabbatar da gaske ne, sai ta ajiye hannun a cinya. Aka shafa mata wani abu a dasashi don ya mutu, aka yi allurar ba ta ko gan ta ba, aka share kogon da ke cikin haƙorin. Ni ina gefe, na rasa inda zan ajiye hannayena.

Saura zuwa ɗaya, wanda za a cike kogon, ranar ta zo muka kama hanya. A hanya na yi ta sa wa likitan Gummi albarka, mutumin da aiki ya zo hannunsa ya ce akwai wanda ya fi shi dacewa da shi. Da aka kira mu na tashi zan bi yarinya, sai ta dafa ni a bakin ƙofa.

"Inna, ki tsaya nan waje. Ni ka shiga ni ɗai."

Na koma kan benci na zauna. Wata mata da ke jiran layi ta ga ina share hawaye da bakin mayafi, ta matso tana ba ni haƙuri, wai ciwon haƙori ba ya kisa. Na ce mata lafiya lau, 'yata ce ta shiga wurin likita.