Furar Gwaggo Ige da Cikin Labbo Mai Jaki

Duk wanda ya san Gwaggo Ige a Bungudu ya san ba ta ba ɗan aike saƙo sai ta dama masa fura, ta tsaya a kansa har ya shanye. "Sha! Cika cikinka dam. In ban ƙosar da kai ba, kayana za ka ci ga hanya."

Kuma wallahi tana da gaskiya! Masu jakunan wancan zamani, tun jirgin ƙasa bai iso Gusau ba, har yau in na tuna su raina ɓaci yake. Ɗiya ɗaya gare ta a duniya, Hurera, tana aure can Tsafe, ba abin da ke haɗa su sai ɗan ƙullin saƙo. Shi ɗin ma sai an bi an cinye?

Uban masu jakunan nan duka shi ne Labbo. Ta ba shi ƙuli-ƙuli cike da kwando, ya isa Tsafe da ɗan burbushi. Da ta titsiye shi, ya ce jaki ne ya ci.

"Jakin ya kwance ƙullin, ya ci, ya sake ɗaurewa? To Allah shi ba mu irin wanga jaki!"

Sai ta yi dabara, ta aika da zakara mai rai, tunda shi ba a gutsurarsa. Ina! Labbo ya dawo yana sosa ƙeya, wai zakara ya galabaita a Gusau, ya yanka kar ya zama mushe.

"Naman fa?"

"Gwaggo, ai tsoron lalacewa na ji."

"Sannu, Labbo. Ka sha wahala."

Wanda ya fi ƙona mini rai na haihuwar Hurera ne. Gwaggo ta daka yajin jego da hannunta, ni na taya ta tankaɗe. Wannan bawan Allah ya tsaya cin kasuwa, ya zarce biki Bilbis, bai kai yaji ba sai da jinjiri ya fara zama! Ranar har gindin tsamiyar da suke ɗaure jakuna ta je, ta ce ta gano maganin abin: a cire wa jakuna takunkumi a sa wa masu su.

Da ciwon ajali ya kwantar da ita, ta ce a kira mata Hurera. Aka duba, ba mai hanyar Tsafe sai Labbo. Na ce shi ke nan, ba za su gana ba. Ita kuwa, murya da ƙyar, ta ce, "A dama mai hura."

Labbo ya dubi ƙwaryar, ya ture ta gefe. "A aje mini. Sai na dawo."

Sai ga shi ya dawo da Hurera bisa jaki, shi a ƙasa, ƙafafu duk sun fashe. Gwaggo ta buɗe ido, ta shafa ɗiyarta tun daga kai har yatsu.

"Yau dai ka kawo mini saƙona cikakke. Ku ba shi hura."

Bai iya sha ba, kuka yake yi.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya shayar da ita a Alkausara yadda ta shayar da su. Labbo kuma, Allah ya yafe masa zakaran nan.