Hannun Kakana a Bakin Rijiya

Shekarun baya, ina koyarwa a Samaru, abokina ya ja ni Sabon Gari wai zai nuna mini abin tarihi. Har dariya na yi masa. Ni da aka haifa a Zariya, me ya rage ban sani ba?

Muka ratsa ta bayan wani shagon taya, sai ga tsohuwar rijiya an rufe da kwano. Wani dattijo mai faci a wurin ya ce leburorin jirgin ƙasa ne suka haƙa ta, da suka gama kowa ya danna tafin hannunsa a ɗanyen siminti. Na tsuguna ina dubawa, sai na ga wani mai yatsu huɗu. Kakana leburan jirgi ne, ƙarfen dogo ya datse masa ƙaramin yatsa, kuma ko hotonsa mahaifiyata ba ta da shi.

Da na kira ta na faɗa mata, sai ta ce, "Ka kai ni ran Asabar in ɗora hannuna a kai."

Dattijon ya ja mini kunne: "Malam, ka gani ka yi shiru. Mai filin nan ba ya son surutu."

Ina! Ni ɗan boko uban iyayi, a ranar na watsa hotuna a Fesbuk, har da kiran hukuma ta zo ta killace wurin.

Ran Asabar muka sauka daga keke napep, Mama ta sha sabuwar atamfa kamar mai zuwa biki. Babu rijiya. An farfasa bakinta, an cike ta, an shafe da siminti fes. Mai filin yana tsaye yana sakace. "Ni za ka jawo wa gwamnati ta ƙwace mini fili? Hannun matattu ne zai ciyar da ni?"

Wallahi ba don abokina ya riƙe ni ba, da an kwashi ɗayanmu. Mama kuwa sai ta karɓi wayata, ta buɗe hoton, ta ɗora tafinta a kan gilashin.

Har yau in na tuna mutumin nan raina tafasa yake, mara mutunci kawai. Amma na fi jin haushin kaina. Shekara da shekaru hannun nan yana jiran 'yarsa, ni na kasa riƙe bakina kwana uku.